Masu Sauya Ƙwayar Amfilifaya: Kunne Ko Ma'auni?

Tun daga shekarar 1979, lokacin da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ɗan rikodan nan na aljihu mai suna Walkman, mutane suka saba da yawo da kiɗa a kunne. Amma akwai manyan hedifon waɗanda ƙaramar na'ura ba ta da ƙarfin ɗauka, sai an sa musu amfilifaya a tsakani, watau na'urar ƙara ƙarfin sauti. A nan ne wata sha'awa ta samo asali a Amurka da Turai da Japan, inda ake samun mutanen da ba su da abin nishaɗi kamar su buɗe 'yar amfilifayarsu, su cire ƙwayar da ke ciki, su dasa wata, su kasa kunne.

Ita wannan ƙwaya, wadda masu gyaran rediyo ke kira aisi, ba ta wuce girman farce ba, tana da ƙafafu takwas. Aikinta shi ne ta karɓi raunannen sauti ta ninka shi ba tare da ta gurɓata shi ba. Wanda ya yayata abin kuwa shi ne wani Ba'amurke mai suna Chu Moy, wanda a ƙarshen shekarun 1990 ya wallafa tsarin wata 'yar amfilifaya mai aiki da batir mai bolt 9. Aka laƙaba mata suna CMoy, jama'a suka shiga harhaɗa ta a cikin gwangwanin alewar Altoids. Da yake yawancinsu a cikin soket suke dasa ƙwayar, ba sa like ta da dalma, sai sauya ta ya zama abin minti biyu.

Ƙwayoyin iri-iri ne. Akwai NE5532 mai araha, wadda kamfanin Signetics ya fitar a ƙarshen shekarun 1970. Akwai OPA2134 ta kamfanin Burr-Brown, wanda Texas Instruments ya saye cikin 2000. Akwai kuma OPA627 mai ɗan karen tsada. Masu sha'awar sukan ce wannan tana da zaƙi, waccan tana fito da amon ganga, wata kuma tana wartsake murya.

To, amma injiniyoyi da yawa ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce, bisa takardun kamfanonin, gurɓatar sautin da OPA2134 ke yi kashi 0.00008 ne cikin ɗari, ta LM4562 kuwa 0.00003, alhali kunnen ɗan Adam ba ya kusantar jin ko ɗaya daga cikinsu. A shekarar 2011 wani injiniya da ya sakaya sunansa da laƙabin NwAvGuy ya tsara amfilifayar O2 da ƙwayoyi masu araha, ya auna ta, ya nuna cewa kyawun tsari ya fi tsadar ƙwaya tasiri. Dalili kuwa, ƙwaya ba ta aiki ita kaɗai. Da kwandansa da resisto da ƙarfin batir, duk da su ake yi.

Wani lokaci bambancin da ake ji gaskiya ne, sai dai alamar matsala ce. Ƙwaya mai saurin gaske, idan aka dasa ta a gurbin da ba a tsara dominta ba, takan shiga kaɗawa da saurin da kunne ba ya ji, ta yi zafi, ta shanye batir, sautin ya yi kaifi, mai ita kuwa ya ɗauka inganci ne. Wata takan bar wutar batir ta zarce cikin hedifon, wadda in ta yi yawa sai ta ƙona siririyar wayar da ke cikinsa. Wanda ya juya ƙwaya baibai, bai lura da ɗan tsagin da ke nuna ƙafa ta farko ba, nan take zai iya kashe ta. Haka kuma OPA627 kunne ɗaya take ciyarwa, saboda haka ba ta maye gurbin OPA2134 mai ciyar da biyu, sai an haɗa guda biyu a kan wani ɗan faifai. Ga kuma jabu, domin 'yan damfara kan goge sunan ƙwaya mai araha su buga na mai tsada.

Saboda haka ne waɗanda suka daɗe a harkar ke jan kunnen sabon shiga: ya karanta takardar ƙwayar tukuna, ya kashe wuta kafin ya taɓa kome, ya sa mita ya auna wutar da ke fita, sa'an nan ya fara gwaji da tsohon hedifon. In kuwa yana son sanin gaskiyar abin da ya ji, to, ya daidaita ƙarfin sautin daidai wa daida, ya sa wani ya sauya masa ƙwayar ba tare da ya gani ba, sau goma ko fiye, ya ga sau nawa zai canka. Wanda ya canka, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda ya kasa kuwa, gara ya tara kuɗin ya sayi hedifon mai kyau, domin a nan ne bambancin sauti ke fitowa fili ga kowane kunne.