Digirin Noma ko Likitancin Dabbobi: Wanne Ya Fi wa Ɗan Ƙofar Rini?

Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akwai muhawarar da ake yi a zaurukan Ƙofar Rini a Sakkwato. Yaro ya karanta kimiyya, likitancin mutane ya yi masa nisa, sai zaɓi ya rage tsakanin tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Iyaye sun fi karkata ga ta biyun, domin dai a kira ɗansu Dokta.

Suna da hujja. Likitan dabbobi yakan yi shekara 6, ya fito da rajistar da doka ta keɓe wa masu wannan aiki. Sakkwato kuwa ƙasar dabba ce: ga shanu gudali, ga jar akuyar da fatarta ta yi suna har Turai, ga gidajen kaji. Da babur da jakar magani zai fara samun na tuwo, yau allurar riga-kafi, gobe duba ragon layya a kasuwar Kara.

Digirin noma shekara 5 ne, ɗaya a cikinsu ɗalibi kan yi ta a gona, irin ta jami'ar da ke fadamar Kwalkwalawa. Sai dai takardar ba ta killace masa wani aiki. Gurbin malamin gona na gwamnati kaɗan ne, kuma wanda ba shi da fili ba shi da jari sau da yawa alli yake ƙarewa da riƙewa a sakandare.

Duk da haka ina ganin an raina wannan karatu, kuma albasa ce shaidata. Manomin Wurno ko Goronyo ba mai koya masa dashe. Inda gumin nasa ke zubewa shi ne wajen ajiya. Yakan cire albasa lokacin da ta cika kasuwa ba daraja, ya jibge ta a rudu, wato rumfar ajiya, yana jiran tsada, ranar da ya buɗe ya tarar wata ta tsiro, wata ta narke tana wari. Asarar nan tun daga gona ta faro: an cika mata takin yuriya, ba a tsayar da ban ruwa da wuri ba, an tara ta wuyanta bai bushe ba. Abin da ake koyarwa ke nan a aji, kuma matashin da ya iya shi zai iya sayen albasa da araha ya ajiye da kansa, ko ya buɗe shagon iri da magani inda shawararsa za ta riƙa jawo masa ciniki.

Yaron da ke son dabba, ba shi da gadon gona, ya tafi likitanci, zai fi saurin tsayawa da ƙafafunsa. Amma wanda gidansu ke da fadama a bakin gulbin Rima, don Allah iyaye ku bar shi ya karanta noma, ku kuma yanka masa fili tun yana aji huɗu a jami'a.