Harshen Ƙasa da Harshen Hukuma: Gyare-gyaren Tsarin Mulkin Aljeriya

Gabatarwa

Ɗalibai kan ɗauka cewa "harshen ƙasa" da "harshen hukuma" abu guda ne. Wannan takarda za ta nuna bambancinsu ta hanyar duba tarihin harshen Tamazight a Aljeriya, wanda ya haɗa da Tamahak, wato Buzancin yankin Tamanrasset.

Daga Assekrem zuwa Tsarin Mulki

A kan tsaunin Assekrem ne Charles de Foucauld ya gina ɗakin ibada a 1911. Ya shafe shekaru yana tattara kalmomin Tamahak, aka kuma buga ƙamusunsa cikin juzu'i 4 a 1951 zuwa 1952. Duk da haka, samun ƙamus bai sa doka ta san da harshen ba. Tsarin mulkin 1963 Larabci kaɗai ya ambata.

Sauyi ya zo ne daki-daki. A 1980 an yi zanga-zanga a Tizi Ouzou bayan an hana Mouloud Mammeri gabatar da lacca kan tsofaffin waƙoƙin Kabil. Tarzomar Oktoba 1988 ta haifar da tsarin mulkin 1989, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Bayan ɗalibai sun ƙaurace wa makarantu a yankin Kabiliya, gwamnati ta yarda a 1995 a fara koyar da Tamazight.

Gyaran 2002 ya mai da Tamazight harshen ƙasa, ma'ana an amince cewa gādo ne na al'umma. Sai a gyaran 2016 ya zama harshen hukuma, wato wanda ya cancanci shiga ofis da takardun gwamnati. Tsarin mulkin 2020 kuwa ya hana taɓa matsayinsa.

Kammalawa

Shekara 14 ke tsakanin matakan biyu, kuma gyaran 2016 bai fayyace rubutun da za a bi ba: boko, ko haruffan Larabci, ko Tifinagh. Mai nazarin Hausa zai iya kwatanta wannan da sashe na 55 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya halatta amfani da Hausa a Majalisar Tarayya "idan an yi tanadi". Ashe doka hanya take buɗewa kawai. Malamai da littattafai da kuɗi su ke raya harshe.