"Who" Ko "Whom": Amsar Tana Bakin Ɗaliban Kankiya Da Kusada

Duk matashin da ya je sakatariyar ƙaramar hukumar Kankiya ko ta Kusada karɓar takardar shaida, da wuya bai taɓa cin karo da jimlar nan a saman wata wasiƙa ba: "To whom it may concern". Kalmar "whom" da ke ciki ita ce ke tayar wa ɗalibai hankali idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso. Kuma ba abin wasa ba ne, domin ko makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya mutum yake nema, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, sai ya nuna kiredit a Turanci.

Dokar gajera ce. "Who" tana tambayar wanda ya yi aikin, wato aikau a bakin masana nahawu. "Whom" kuwa tana tambayar wanda aikin ya faɗa wa, wato karɓau. "Who asked the teacher?" tana neman mai tambayar, "Whom did the teacher ask?" tana neman wanda aka tambaya. Malamai kan ce a duba amsar: idan "he" ce ta dace, to "who", idan "him" ce, to "whom".

Abin da ba a cika gaya wa yaran ba shi ne, Hausarsu ta riga ta koya musu wannan tun suna goye. Yaro a Kusada zai ce, "Wa ya tambayi malam?" Idan ya juya zancen sai ya ce, "Wa malam ya tambaya?" Idan ya sakaya sunan kuma, "Ya tambaye shi." Tambayi, tambaya, tambaye: aikatau ɗaya, ƙarshensa na sauyawa gwargwadon abin da ke biye da shi. Haka saya, sayi, saye. Ba mai cewa "ya saya doki" a kasuwar Kankiya ba tare da an kalle shi ba. Bature F. W. Parsons, wanda ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai a 1960, ya sa waɗannan a giredi na biyu. Bambancin kawai, Turanci ya ɗora alamar a kan kalmar tambaya, Hausa kuwa ta bar "wa" yadda take ta ɗora a kan aikatau.

Akwai wani tarko kuma, wato "did". Tambayar aikau ba ta buƙatarta, ta karɓau ce ke jawo ta. Da zarar ta shigo, aikatau ya koma asalinsa, shi ya sa "Whom did he called?" ke cinye maki.

Su kansu Turawan sun sassauta. A Ingila da Amurka yawancin mutane "Who did you see?" suke cewa a hira, ba kuma wanda zai ce sun yi kure. Inda "whom" ta ƙi motsi shi ne bayan kalmomi irin su "to", "for" da "with", sai kuma takardar jarrabawa, wadda ba ruwanta da abin da ake faɗa a titin Landan.

Saboda haka malaman Turanci na sakandaren yankin su daina fara darasin da haddar doka. Su rubuta tambayoyin Hausa guda biyun nan masu "wa" a allo tukuna, su bar yaran su nuna wanda ya yi tambaya da wanda aka tambaya, sannan su kawo na Turancin.