Ba Iska ke Ruɓar da Ciki Bayan Tiyata ba

A Kuchigoro, da zarar an ji za a yi wa wani aikin ciki, sai 'yan dubiya su yi ta kawo shawarwari. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa su ke mayar da mutum gadon asibiti.

Wadda ta fi yawo ita ce wai in aka buɗe ciki iska ta shiga, sai ya ruɓe. Ba haka ba ne. Sau da yawa ɓarnar ta riga likita. Taifot, wadda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci, in ta yi mako biyu zuwa uku ba magani na ƙwarai, tana iya huda ƙaramin hanji, ƙazanta ta tsiyaye cikin ciki. Sai ka ga cikin yaro ya kumbura, ya yi tauri kamar katako, ko taɓawa ba ya so. A nan babu kafso ko jiƙon da zai toshe hujin. Dole a buɗe, a ɗinke, a wanke mugunya. Kwanakin da aka ɓata ana zaryar kemis su ne ke cin rai, amma sai a ɗora wa tiyata laifi, kuma wannan na damuna ƙwarai, don yana hana na gaba zuwa da wuri.

Cewa wurin da aka yi wa aiki kan kamu da cuta kuwa gaskiya ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna kamuwa, a Afirka kuma adadin kan kai 20 cikin 100 na matan da aka ciro wa jariri ta aiki. Haka ma batun mai ciwon suga da mai shan taba: nasu ya fi wuyar warkewa.

Sai dai yawan magani ba shi ne kariya ba. Allurar riga-kafin ƙwayoyin cuta cikin awa biyu kafin yanka ake yin ta. Wanda cikinsa ya riga ya kamu, shi likita ke rubuta wa na kwanaki, ya kuma shanye. Fasa kafso a barbaɗa kan ɗinki, ko shafa toka da man kaɗanya, ƙara datti ne kawai. Aske wurin da reza a gida kafin aiki ma yana buɗe wa cuta ƙofa. Wanka da sabulu ya wadatar.

Ƙwai da nama da kifi ba sa kawo mugunya. Da su jiki ke haɗe rauni, muddin likita ya ce a fara ci. Mai jegon da aka yi wa aiki kuma, kada a fyaɗa mata ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinki, ko da uwa ko kaka ce ta matsa.

In bayan sallama zazzaɓi ya taso, ko ciki ya kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, ko iska da bayan gida suka daina fita, ko ɗinki ya fara zubar da ruwa mai wari, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi da Babban Asibitin Ƙasa duk ba su da nisa da Kuchigoro. A ɗauki takardun sallama a tafi a ranar, ko da tsakar dare ne.