Ruwan da Muke Kora da Damina, Mu Saye Shi da Rani

Duk wanda ya zauna a gidajen da jami'o'inmu ke ba wa malamai da ma'aikata da ɗalibai masu iyali ya san wannan hali. A watan Agusta ruwa na kwance a tsakar gida har yara su kasa fita makaranta. A watan Afrilu kuma uwargida na bakin ƙofa tana jiran ɗan garuwa, bishiyoyin da aka dasa da biki duk sun bushe. Mukan ɗauki waɗannan a matsayin masifu biyu, alhali tushensu ɗaya ne: an tsara unguwar ne domin ruwa ya fice da gaggawa.

Mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A yanki irin Sakkwato, inda ruwan shekara ke kaiwa milimita 600 ko fiye, rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100 na karɓar lita 60,000 a damina guda. Gida ɗaya ke nan. Indararo ya zubo shi kan siminti, siminti ya miƙa wa kwata, kwata ta kai shi unguwar talakawan da ke gangare da jami'a, ya ci musu katanga.

Akwai inda aka sauya wannan tunani. Birnin Tuson da ke jihar Arizona a Amurka yana cikin hamada, ruwansa na shekara bai wuce kimanin milimita 300 ba, rabin na Sakkwato, kuma kamar namu yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. A shekarar 2008 birnin ya kafa dokar da ta wajabta wa sababbin gine-ginen kasuwanci su samo rabin ruwan ban-ruwan shukokinsu daga ruwan sama. Jami'ar Arizona da ke birnin tana da wani lambu a jikin tsangayar zanen gine-gine, wanda ke sha daga tanki mai cin fiye da lita 40,000, ana tara masa ruwan rufi da wanda na'urorin sanyaya ɗaki ke ɗigarwa. A wasu unguwannin kuma an yanke bakin titi, ruwan kwalta na gangarawa cikin ramukan bishiyoyi.

Asirin aikin yana cikin wannan rami. Mu mun saba tara ƙasa a gindin bishiya mu kewaye ta da bulo, ta zauna a tudu, ruwa na wucewa ta gefenta. Su kuwa sai su sauke ƙasar ta zama kwari mai faɗi marar zurfi, su rufe da busassun ganye, ruwa ya taru ya nitse a hankali. Manoman yankin Tawa a Nijar ba za su yi mamaki ba, domin da tassa da ramukan rabin wata suka farfaɗo da faƙon da aka fid da rai da shi. Abin da ya rage shi ne ilimin ya shiga ofishin masu zanen jami'a.

Shari'a ma ta yi magana a kan ruwan da ke kwarara bayan an yi ruwan sama. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, game da kwarurrukan Mahzur da Muzainib na Madina: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa. Hukuncin rabon ruwa ne tsakanin masu gonakin dabino, amma wanda ya dube shi da idon mai tsara unguwa zai ga haƙƙi biyu. Ƙasarka ta sha rabonta, maƙwabcinka ya samu nasa ba tare da cutarwa ba. Haka ake jera waɗannan ramuka: na farko ya cika ya tumbatsa cikin na biyu, na biyu cikin na uku, sai abin da ya yi saura ya shiga kwata.

Iyaye za su tambaya, kuma da gaskiyarsu: sauro fa, da ƙananan yara? Ramin da aka yi daidai ruwansa na nitsewa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauro kuwa na bukatar kusan mako kafin ƙwansa ya zama mai cizo. Zurfin kada ya wuce taki ɗaya, a nisanta shi da harsashin gini kamar mita uku. Inda ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, a gwada ta tukuna. Tanki kuma a rufe bakinsa ruf, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi kafin a fara tarawa.

Sai zaɓen abin dasawa. A ganinmu shimfiɗa koriyar ciyawar ado a garin da ake layin ruwa almubazzaranci ne, ko da a ƙofar gidan shugaban jami'a ne. Tsamiya da kurna da aduwa da magarya sun san rani, idan suka kama ba sa roƙon kowa. Darbejiya na ba da inuwa da wuri. Zogale a bayan ɗakin girki ya shiga tukunya. A dasa masu inuwa ta yamma da gida, inda ranar la'asar ke gasa bango.

Masallacin unguwa na da nasa rabon. Ruwan alwala ruwa ne mai tsarki da ke zuba sau biyar kullum, rani da damina. Idan aka raba hanyarsa da ta bayan gida, bututu ɗaya ya isa ya kai shi gindin bishiyoyin harabar, kuma wannan aiki ne da kwamitin masallaci zai iya yi da kuɗin asusun Juma'a kafin saukar ruwan bana.