Hannun da Yaro Yake Gani Fes

An tashi tara a ajin nazare. Yaro ɗan shekara huɗu ya fito daga bayan gida, ya share majina da bayan hannu, ya nufi tiren mai awara. Malama ta daka masa tsawa: "Kai, je ka wanke hannu!" Ya juya tafinsa ya duba, bai ga komai ba. A wurinsa hannun fes yake, Malama ce dai ke neman faɗa.

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, haka abin yake a makarantu da yawa. Ƙwayar cuta ba ta ganuwa, yaro kuwa abin da ya gani shi ya sani. To a nuna masa, tunda gani ya kori ji. Malama ta shafa wa yaro ɗaya man gyaɗa a tafi, ta barbaɗa garin gawayi, ta ce ya gaisa da abokansa. Kafin gaisuwa ta kai bencin baya, baƙi ya bi hannuwa, ya hau littafi, har da kumatun wani. Sai a fita waje a wanke da ruwa zalla. Baƙin yana nan daram. A kawo sabulu, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce ana rera waƙar da yaran suka ƙirƙira da kansu, wadda za ta kai daƙiƙa 20. Yaron da ya ga wannan da idonsa, shi zai koma gida ya tsare yayarsa da tambaya kafin ta sa hannu a tuwo.

Ba abin wasa ba ne. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma wanke hannu da sabulu yana rage ta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, abin ya fi tsanani.

Sai dai waƙa ba ta wanke hannu. Dokar UBE ta 2004 ta sa karatun share fage cikin ilimin bai-ɗaya, amma aji nawa ne ke da ruwa a ƙofarsa? Ba sai an jira famfo ba. Galan mai lita 5, a huda shi da ƙusa mai zafi, a rataye a sanda, a ɗaura igiya zuwa wani icen a ƙasa. Yaro ya taka, ruwa ya tsiyayo. Yara har rige-rige suke yi. In sabulu ya ƙare, toka ta fi babu.

A gida kuma, abin da ya fi damuna shi ne kwanon wanke hannu guda, wanda kowa ke tsomawa, babba ya fara ƙarami ya rufe. Autan da ya zo ƙarshe dauɗar gidan gaba ɗaya ya kwasa. A zuba masa da buta, kamar yadda ake yi wajen alwala.

Iyayen da ke kusa da madatsar Tiga kuma su ƙara da wannan: yaron da ke iyo a ruwa kwantacce ya fara fitsarin jini, tsargiya ce, ba alamar girma ba. A kai shi asibiti, akwai maganinta.