Ajin Share Fage da Firamare a Ƙaramar Hukumar Bagwai: Abin da Iyaye Ke Fuskanta da Haƙƙin da Doka Ta Ba Su

A Ƙaramar Hukumar Bagwai, kamar sauran yankunan karkara na arewacin Jihar Kano, iyaye da dama na yin tambayoyi game da karatun ƙananan 'ya'yansu: a wane shekaru za a sa yaro, wace makaranta ce ta fi kusa, ko ana biyan kuɗi, kuma wa za a kai wa kuka idan malami ba ya zuwa. Wannan bayani an shirya shi ne domin amfanin iyaye da masu unguwanni da dagatai da ma'aikatan ƙaramar hukuma, saboda kowa ya san haƙƙinsa da kuma nauyin da ke kansa.

Asalin shirin

An ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na ƙasa a Sakkwato a shekarar 1999, sannan aka kafa masa doka a 2004. Dokar ta tanadi karatun shekara 9 kyauta kuma dole ga kowane yaro, wato shekara 6 a firamare da shekara 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma shigar da kula da ilimin ƙananan yara cikin ayyukan shirin. Daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin shiga aji ɗaya. A Jihar Kano, Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, ita ke kula da wannan mataki, kuma a kowace ƙaramar hukuma akwai ofishin Sakataren Ilimi da ke sa ido kan makarantun yankin. Bugu da ƙari, gwamnatin jihar ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

Amfanin ajin share fage

Ajin share fage, wanda wasu ke kira nazare, shi ne inda yaro ɗan shekara 5 ke koyon zama cikin aji, da riƙe fensir, da gane haruffa da ƙidaya, da tsabtar jiki, da zama lafiya da sauran yara. Ta hanyar wasa da waƙa da labari ake koyar da waɗannan abubuwa. Don haka idan yaro ya dawo gida yana waƙar ƙidaya ba tare da rubutu cike da littafi ba, kada iyaye su ɗauka ɓata lokaci ake yi. Malaman aji ɗaya sun fi kowa sanin bambancin yaron da ya bi ta wannan aji da wanda aka kawo kai tsaye, domin na biyun kan ɗauki makonni kafin ya saba da zaman aji, abokansa kuwa sun yi gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsalolin da iyaye ke fuskanta

Ta farko ita ce nisa. Bagwai na da mazaɓu 10, cikinsu har da Gadanya da Gogori da Kiyawa da Romo da Rimin Dako da Sare-Sare, kuma gidaje da yawa a warwatse suke cikin gonaki. Tafiyar da ɗan aji biyar zai yi ba tare da wahala ba, ta fi ƙarfin ɗan shekara 5, musamman da damina idan rafuka suka kawo. Wannan ne ke sa wasu iyaye su riƙe yaro a gida har ya kai shekara 7 ko 8. Jama'ar da ke gewayen madatsar ruwa ta Watari kuwa ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu. Duk mai tsara inda za a gina aji a wannan yanki wajibi ne ya lura da hanyar da yaro zai bi kafin ya isa.

Ta biyu ita ce aikin gona. Zangon karatu na farko kan fara ne daf da kaka, lokacin da ake buƙatar hannu wajen girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake, a gefen Watari kuma noman rani na biyo baya. Ƙaramin yaro ba ya aikin, amma idan aka tsayar da yayansa ko yayarsa da ke raka shi, shi ma ya zauna ke nan. Ta haka fashin ɗa guda ke zama fashin gida duka.

Ta uku ita ce maganar kuɗi. Dokar 2004 ta bayyana cewa karatu a makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin makaranta ya aikata laifin da hukuncinsa zai iya kai tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Gudummawar da al'umma ta amince da ita a taro domin gyaran rufi ko sayen tabarma abu ne na ganin dama, bai kamata ta zama dalilin korar yaro daga aji ba. Haka kuma dokar ta ɗora wa iyaye nasu nauyin: wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta za a fara da yi masa gargaɗi, idan ya maimaita akwai tara ko ɗauri.

Ta huɗu ita ce daidaita lokaci da makarantar allo da Islamiyya. A garuruwa da dama an saba yin allo da asuba da dare, boko da safe, Islamiyya da yamma. Inda aka samu cin karo, zama tsakanin alaramma da hedimasta da mai unguwa kan warware shi cikin sauƙi, domin yaran duk na gari ɗaya ne.

Inda za a kai koke

An tsara cewa kowace makarantar gwamnati ta kasance da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akwai hedimasta da wakilan malamai da iyaye da mata da malaman addini da masu sarauta da tsofaffin ɗalibai. Idan malami na fashi, ko yara sun cika aji fiye da ƙima, ko babu ruwan sha da makewayi, a fara sanar da hedimasta. Idan ba a ga canji ba, a kai wa kwamitin, shi kuma ya rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan maganar ta isa SUBEB. Ya kamata koken ya ƙunshi sunan makaranta da aji da ranakun da abin ya faru, domin rubutaccen koke shi ake iya bin sawunsa. Iyaye mata su ne suka fi sanin ranar da yaro ya dawo da wuri da dalilin dawowarsa, saboda haka a tabbata an ji ta bakinsu a kowane zama.

Kira ga jama'a

Ana kira ga iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa domin a san shekarunsu daidai, su kai su makaranta tun makon farko na zango, maza da mata, su kuma riƙa leƙawa suna ganin halin da ajin ke ciki. Maƙwabta na iya tsara rakiyar ƙananan yara bi da bi, musamman da damina. Ana kuma kira ga dagatai da masu unguwanni su riƙe jerin yaran da suka isa shiga makaranta a yankunansu, su miƙa wa hedimasta kafin buɗe sabuwar shekarar karatu, jami'an ilimi kuma su amsa koken da aka kawo masu a kan lokaci.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.